Ranar Da Na Kai Laftof Kebbe Baki Buɗe

Akwai wata Asabar da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Allah. Ko da ma na so in manta da ita, matata ba za ta bari ba.

A lokacin ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Tambuwal. Shekarun da man fetur ke da daraja ne, ma'aikaci na ɗan samun sukuni, har na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda muke ce wa laftof. A danginmu kaf ni kaɗai ke da ita. Nan da nan aka laƙaba mini Injiniya, ni kuwa ban taɓa cewa a daina ba.

Yayan mahaifina, wanda muke kira Baffa, malami ne a Kebbe. Yana karantarwa a zaure, yana noma, yana da 'yan shanunsa. Shekara da shekaru yana rubuta wani littafi da ajami kan tsarki da salla, domin manoma da makiyaya. Da idonsa ya fara rauni sai ya damƙa mini takardun, na yi wata takwas ina buga su da boko. Abin da ya rage shi ne a karanta a gaban malamai a gyara kafin a kai maɗaba'a Sakkwato. Aka sa rana. Abokansa biyu za su zo, ɗaya daga Jabo, ɗaya daga Dogon Daji, kuma ranar kaɗai suke da ita, don Baffa zai tafi aikin ido a makon da ke biye.

Saura kwana biyar, wani abokin aikina ya leƙa laftof ɗina a ofis ya kwashe da dariya. Wai babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa, ko 'yan aji ɗaya sun wuce nan. Raina ya sosu. Kafin a tashi daga makaranta na karɓi faifansa na ɗora sabuwa. Ta yi kyau ƙwarai, komai na sheƙi. Na koma gida ina nuna wa matata kamar ni na ƙera.

Washegari na rufe murfin na tafi cin abinci. Da na dawo na buɗe, sai allo ya yi baƙi ƙirin, fanka na ta kuka, can ya rikiɗe shuɗi da wasu rubuce-rubuce, ya tsaya cak. Sai da na danne maɓallin wuta ta mutu, na sāke kunnawa. Na ce tsautsayi ne. Da yamma ta maimaita. Kwana biyu ana haka, ko na rufe ta, ko na bar ta ta yi barci da kanta, tashin dai ba daɗi.

Babu abin da ban zarga ba. Na ce ƙwayar cuta ce, na wuni ina bincike, ban sami komai ba. Na cire batir na goge na mayar. Na ce zafi ne, na ajiye ta gindin randa, har matata ta tambaye ni ko in tana jin ƙishi a ba ta moɗa. Abu guda ne ban zarga ba, wato abin da na yi da hannuna. Ban ko tuna shi ba.

Daga ƙarshe na kai ta wurin wani mai gyara a bakin kasuwa. Ya kara kunne a jikinta kamar likita, ya girgiza kai.

“Malam, ma'ajiyarta ce za ta tafi. Duk ranar da ka kashe ta, ba lalle ta sāke tashi ba.”

Na kwafe littafin a filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, wannan kam na yi hankali. Amma a Kebbe ban san wanda zai ara mini kwamfuta ba. Sai na yanke shawarar da har yau nake jin kunyarta: ba za a kashe ta ba, ba za a rufe ta ba, ba kuma za a bar ta ta yi barci ba, har mu isa.

Matata ta ce, “To ai kullum ta maƙale kashe ta kake yi, kuma tana tashi. Ka kashe ta mana ka sa a jaka.”

Na ce, “Ke dai ki bar wa masu abin abinsu.”

Ta ce, “To, Injiniya.”

Dama za ta bi ni ta gai da Inna, matar Baffa. Ranar Asabar da sassafe na tayar da babur, ta hau baya, na ɗora mata laftof a cinya a buɗe, ta lulluɓe ta da hijabi saboda ƙura. Aikinta shi ne ta riƙa shafa yatsa a kai lokaci-lokaci don kada barci ya ɗauke ta. Duk wanda ya san hanyar Kebbe a wancan zamani ya san ba hanyar da za a yi wa mai ɗauke da ƙwai fatan bi ba ce. Kowane rami muka faɗa sai in waiwaya.

“Tana nan?”

“Idonta biyu. Ni ce dai bayana ya ƙage.”

A wani ƙauye muka tsaya shan mai. Mai man ya ga haske na fitowa ta ƙarƙashin hijabi, ya ga tana ta lallaɓa abu, sai ya ce cikin tausayi, “Allah shi ba yaro lahiya.” Ta amsa da amin, ko murmushi ba ta yi ba. Sai da muka bar wurin na ji babur na girgiza saboda dariyarta.

Muka isa lafiya. An shimfiɗa tabarmi a zaure, an jawo wuta daga janaretan wani mai kemis da ke makwabtaka. Na zauna tsakiyar dattawa uku ina karantawa, suna tsayar da ni. Wannan ya ce a sauya kalma, wancan ya ce a ƙara sharaɗi, Baffa ya yarda ko ya ƙi. Kan batun ruwan da shanu suka sha daga ciki kaɗai sai da aka yi rabin awa. Yatsuna na ta gudu, ina lura da yadda suke kallona, kaina na ƙara girma. Awa uku cur, ban danna ajiye ko sau ɗaya ba. Ni da kullum nake yi wa ɗalibai faɗa a kan haka.

Aka kira azahar, na fita alwala. Da muka dawo daga masallaci na hango ta a rufe, an ma ɗora mata hula a kai. Na tambayi wanda ya rufe ta.

Malamin Dogon Daji ya ce, “Ni nar ruhe ta. Akwai ayoyi ciki, ba a barin littahi buɗe a tashi.”

Na buɗe da bisimilla. Baƙi, kukan fanka, shuɗi. Na danne maɓalli, ta tashi, na buɗe littafin. Gyaran shafukan farko kaɗai ta ajiye da kanta, sauran duk sun tafi. Zufa ta jiƙa mini riga. Mutane biyu sun baro garuruwansu, tsoho na shirin kwanciya asibiti, ni kuma na zubar da aikinsu. Na faɗa musu gaskiya.

Ba wanda ya yi faɗa. Baffa ya gyara zama ya ce, “Injiniya, yaushe ciwon ga yaf fara?”

“Kwana huɗu ke nan, Baffa.”

“Kahin nan lahiyarta lau?”

“Lau.”

“To mi kac canza mata? In saniya ta kwana lahiya ta tashi da kumburi, ni ba ni fara neman magani. Tambaya nika yi, ina aka kai ta kiwo jiya.”

Na buɗe baki in ce ban canza komai ba, sai faifan nan ya faɗo mini a rai. Na yi bayani ina sunkuyar da kai.

Ya ce, “Kashe ta mu gani.” Na kashe, na kunna. Ta tashi garau. “Sāke.” Ta sāke tashi. “Yanzu ruhe ta.” Na rufe na buɗe, ta maƙale.

“To ai mutuwa ba ta damunta. Barci na ba ta iya tashi daga gare shi. Ba a iya hana ta barcin?”

Ana iyawa. Minti biyu bai kai ba na shiga wurin saitin wuta, na ce kada ta yi barci, ko an rufe murfi kada ta yi komai. Sai a lokacin kaina ya buɗe, na gane akwai wata ƙaramar manhaja mai kula da allo, wadda muke kira direba, tsohuwa ce, ba ta jitu da sabuwar babbar ba. Da na faɗa, malamin Jabo ya ce, “Ashe mota kas sauya, kab bar tsohon direba.” Zaure ya ɗauki dariya. Daga cikin gida ma na jiyo wata dariyar da na sani sarai, don ashe Inna na bakin ƙofa tana kai rahoto.

Saura gyaran da ya ɓace. Na ce sai dai a sāke daga farko. Baffa ya ce in karanta kawai. Ina karantawa suna mayar mini da kowane gyara, kalma bayan kalma, har da wanda ya kawo shi da dalilinsa. Batun ruwan shanu ma sai da suka sāke gardamarsa, suka kuma tsaya inda suka tsaya da safe. Ni kuwa kowane layi sai na danna ajiye, har malamin Dogon Daji ya tambaya ko tasbihi nake yi. Kafin magariba muka kammala. Bayan kwana biyu na sauko da sabon direban a wani shagon intanet a Tambuwal, ciwon ya rabu da ita, ta ƙara shekara huɗu tana aiki. An buga littafin, Baffa ya riƙe shi da hannunsa bayan an buɗe masa ido, ya karanta sunansa da kansa.

Ranar ta koya mini cewa in abu ya lalace a hannuna, in fara tambayar me na taɓa, kafin in zargi zafi ko batir ko wani can. Ta kuma koya mini cewa sanin sunayen abubuwa daban, iya tunani daban. Ni na san sunan kowane maɓalli a jikin na'urar nan, amma wanda ya gano ciwonta tsoho ne da ko allon ba ya gani sosai.