Doyar da ke kan teburin Tica Sumaila

Duk wanda ya yi karatu a hannun Tica Sumaila a Yendi, in ka tambaye shi abin da ya fara gani ranar da ya shiga aji, amsa ɗaya zai ba ka: doya. Doya guda, irin da ake kira puna, a kwance kan tebur, da zane biyu na shuni da ɗigon jar ƙasa a gindinta. Shekara tara ya yi yana koyarwa a kwalejin kasuwanci ta garin, sau takwas ya buɗe shekara da doya. Ta farkon ce kaɗai babu, kuma a cikinta abin ya samo asali.

An haifi Sumaila Ɗanlarai a Salaga a 1951, a gidan fatake. Kakansa goro yake kaiwa arewa da jakuna, amma kafin Sumaila ya yi wayo goron gidan ya koma doya. Yana da shekara shida mahaifinsa ya rasu, sai ƙanwar mahaifin, Goggo Atikatu, ta riƙe shi. Tun yana ƙarami mutum ne mai ƙirge. Ya san taku ɗari biyu da goma sha biyu ne daga zaurensu zuwa masallaci, ya kuma taɓa ɗaura aniyar ƙirga rijiyoyin Salaga kaf, ya kai ɗari da saba'in Goggo ta tsare shi da muciya.

A 1979 aka tura shi Bawku koyar da bugun tafireta a wata sakandare. Tafireta goma sha takwas ya tarar, biyar sun rasa haƙora. Shekara tara ya yi a can, ya yaye ɗalibai ɗari shida da arba'in, ya auri Damata mai sayar da albasa, suka samu 'ya'ya huɗu. Ranar da ya ji an ce akwai wani inji da zai kori tafireta, bai tsaya jimami ba. Ya ce wa Damata, "Kafin ya kore ni, bari in je in gaishe shi." Ya tafi Ankara, babban birnin ƙasar, ya yi shekara biyu yana karatun kwamfuta.

A 1991 wata jami'a ta kudu ta buɗe ƙaramar kwalejin kasuwanci a Yendi, aka ɗauke shi ya koyar da tsarin bayanai na gudanar da kasuwanci. Sunan darasin da tsawo, amma shi a gajarce yake faɗa wa ɗalibai: yadda labari zai tashi daga inda aka same shi, ya isa ga mai yanke shawara a kan kari, bai ragu ba, bai ƙaru ba. Ɗalibai ashirin da uku, kwamfuta ɗaya, janareta awa huɗu a rana. Ya raba, kowa ya tashi da minti hamsin da biyu a mako. Saura minti huɗu, ya ajiye wa kansa.

Ana cikin haka takarda ta zo daga jami'a. Nan da mako goma sha huɗu za a turo wani Dokta Mikaila ya duba darasin. In ɗalibai ba su nuna masa tsarin da suka gina da hannunsu, wanda mutane ke amfani da shi da gaske ba, za a rufe darasin, a raba ɗaliban wasu azuzuwa, Tica Sumaila kuma ya koma wa tafiretocinsa.

Bai ɓata ko yini guda ba. Ya zaɓi tashar doya ta Salaga. A lokacin kaka lori kusan goma sha biyu ke tashi daga nan kowane mako, su gangara Makango, jirgin fito ya ƙetarar da su Yeji, su miƙe Kumasi. Kowace lori kayan mutum biyar ko shida take ɗauka a gauraye. Dabararsa mai sauƙi ce: kowace lori a ba direbanta takarda ɗaya, mai sunan mai kaya, da yawan doya, da rumfar da za a sauke a Kumasi. Kwafi ya dawo Yendi a shigar cikin kwamfuta.

Ya raba ɗaliban biyar-biyar suna zuwa Salaga bi da bi. Ya ɗora Fatawu, shugaban aji, wanda ya taɓa aikin sito, a kan aikin. Ya yi musu gargaɗi ɗaya: "Ku fara da manya. Ku durƙusa ku gaida alhazan rumfa, abin da suka faɗa shi za ku rubuta."

Goggo Atikatu kuwa ita ce magajiyar doya a tashar, wato shugabar mata masu doya, shekara talatin ke nan. Sumaila ya je ya gaishe ta, ya ci sakwararta malmala biyu, bai tambaye ta komai ba.

"Me yaran naka ke ta rubutawa?" in ji ta.

"Aikin boko ne, Goggo."

"To, Allah ya ba boko sa'a."

A mako na bakwai aka yi gwajin farko da lorin wani direba, Iddi. Kwana huɗu ya dawo, tun daga bakin tasha ake jin muryarsa. Takarda ta ce ƙwarya tara ta Alhaji Seidu ce, a kasuwar doya kuwa ƙwarya ɗaya doya ɗari ce. Iddi ya bi takarda, ya juye ɗari tara a rumfa guda. Ashe uku ce kawai ta wannan rumfa. Sai da aka kwashi ɗari shida a ka, aka ratsa kasuwar Kumasi da su cikin rana tsaka, doya arba'in da ɗaya suka karye. Kafin azahar matan tasha suka kori ɗaliban, suka ce kada su ƙara ganin mai biro a kusa da kayansu.

Washegari da hantsi Sumaila ya iso daga Yendi. Ya tarar da Goggo a kan kujerarta tana dama shuni a gwangwanin madara. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Malam Ƙirgau, ka zo ƙirga karyayyun? Arba'in da ɗaya ne, na hutar da kai."

"Goggo, yaran sun ce sun tambaya, an ce musu doyar gidan Alhaji Seidu ce."

"Ƙarya aka yi musu? Ta gidansa ce mana. Uku ta matarsa, huɗu ta ƙanwarsa, biyu ta matar marigayi wansa. Kowa da dillalinta a Kumasi. Ka taɓa jin an ɗaga murya an kira sunan matar aure a tsakiyar tasha? Sai a ce gidan wane. Shi Alhaji Seidu, in ka ajiye masa puna da laribako, sai an dafa yake bambance su."

Matan da ke gefe suka kwashe da dariya. Fatawu, da ke tsaye a bayan malaminsa, ya sunkuyar da kai.

"To, ta yaya 'yan dako ke sanin ta wace ce?"

Goggo ta ajiye gwangwanin, ta kalle shi sosai. Ta jawo doya ɗaya ta juya masa gindinta. "Shekara ashirin kana cin wannan a gidana. Ka ƙirga rijiya, ka ƙirga taku, ba ka taɓa ƙirga wannan zanen ba?"

Zane biyu na shuni, ɗigo ɗaya na jar ƙasa. Ya gan shi sau dubu, ya ɗauka ado ne.

"Shuni biyu na uwata ne," in ji Goggo. "Da ta ba ni, na ƙara ja ɗaya. In 'yata ta gada, ta ƙara nata. Ɗan dakon da bai san alif ba ya san wannan. Dillalin Kumasi da bai taɓa ganin fuskata ba ya san wannan. Ku kuka zo da suna."

Sumaila ya ƙura wa zanen ido. Abin da yake koyarwa a mako na uku ke nan, cewa kowane kaya sai da shaida guda da ba ya tarayya da kowa a cikinta. Ya rubuta a allo, ya ba da jarrabawa a kai, ga shi a gindin doyar gidansu.

"Goggo, shaida nawa ce duka a tashar nan?"

"Su na sani, ban san adadinsu ba. Ƙirge aikinka ne."

"A ba mu dama mu sake."

"Kai da wannan dogon da ke bayanka, a'a. Ka ba ni waccan 'yar, ita kaɗai na ga tana kallon kaya ba ta kallon alhazai."

Zenabu take nufi, 'yar Bawku, wadda uwarta ma 'yar kasuwa ce. Kwana tara Zenabu ta yi a gefen kujerar Goggo tana zana kowace shaida a littafi, tana raɗa tambaya a kunnen kowace mai kaya. Aka tashi da shaida sittin da uku, hamsin da takwas na mata. Aka sake takardar gaba ɗaya. Yanzu zanen shaidar ne a farkon layi, yadda yake a jikin doya, sai lambarsa ta kwamfuta, sai yawan kaya, sai rumfa. Zenabu ta ƙara gurbi biyu da ba wanda ya sa ta: ranar da lori ta isa Makango, da ranar da ta ƙetare. Iddi ya ƙi karɓar takardar sai da Goggo ta harare shi. Ya tafi, ya dawo, ba a ji muryarsa ba. Cikin mako biyar lori hamsin da takwas suka bi da takardar.

Ranar da Dokta Mikaila ya iso Yendi, sai ga shi ɗan zangon Kumasi ne, Hausa a bakinsa. Ya ture rahoton shafi saba'in da aka ajiye masa, ya ce, "Malam, takarda ba ta musu. Ina masu amfani da abin?"

Sumaila ya riga ya shirya. Goggo Atikatu na zaune a layin gaba da mayafinta na zuwa biki, Iddi ya kawo ta tun safe, da buhu ɗaya mai doya goma sha biyu masu shaida daban-daban. Dokta ya zaro ɗaya ya ɗaga. Fatawu ya fara buga lambar.

"Ta ƙanwar Alhaji Seidu ce, rumfa ta huɗu," in ji Goggo.

Kwamfuta ta yi gurnani, can ta fito da amsa iri ɗaya. Aka ɗaga ta biyu, haka. Sau goma sha biyu Goggo na riga inji, kuma Sumaila, da ba ya iya barin hali, ya auna: ita daƙiƙa biyu, inji goma sha tara.

Dokta ya yi dariya. "Hajiya ta cinye, goma sha biyu ba ko ɗaya. To Malam, me amfanin injin naka?"

Zenabu ta ɗaga hannu. "Sa, a tambayi Magajiya wace rana ce lori ta fi daɗewa a bakin ruwa."

Goggo ta ɗan yi tunani. "Alhamis da nauyi. Kowa ya san wannan."

"Nauyin kwana nawa, Magajiya?"

"Ke, ni agogo ce?"

Zenabu ta zauna gaban kwamfutar, ta yi minti uku. Cikin lori hamsin da takwas, goma sha huɗu ne suka tashi ranar Alhamis, goma sha ɗaya daga ciki sun kwana biyu a Makango suna jiran jirgi, doya na gasuwa a rana. Na Litinin kuwa, tara cikin goma a ranar suka ƙetare.

Goggo ta riƙe haɓa. "Kwana biyu? Iddi, ashe ba yawo kake tsayawa yi ba?"

"Shekara nawa ina rantse miki, Magajiya!"

Aji ya ɗauki dariya. Da aka lafa, Goggo ta juya ga Dokta. "Ɗana, bari in faɗa maka abin da ya hau da ni mota tun asuba. Na fi injin nan sauri, ka gani da idonka. Amma shekarata saba'in da ɗaya, kuma abin da ke cikin kan nan tare za a binne mu. Wannan kuwa ba a binne shi. Ka bar wa yaron nan aikinsa."

Yaron yana da shekara arba'in a lokacin. Dokta ya jawo rahoton da ya ture, ya sa hannu a shafin ƙarshe, ya rubuta a ci gaba. Goggo ta ba shi doya goma sha ɗaya ya kai gida. Ta goma sha biyun, mai shuni biyu da ja ɗaya, ta dangwarar a kan teburin Sumaila.

"Ka ajiye inda za ka riƙa gani."

A kaka ta gaba yawancin matan tashar suka mai da lodinsu Lahadi da Litinin. Kwalejin ta samu kwamfuta ta biyu a 1994, ta kai shida a 1998, rabon kowane ɗalibi ya haura awa uku. Zenabu ta gama ta koma Bawku, ta yi wa masu albasa irin wannan aiki, Damata na cikin waɗanda suka fara ba ta shaidarsu. Goggo ta rasu a 1997, lokacin shaidun da ke cikin kwamfuta sun kai tamanin da ɗaya. 'Yarta ta gaji shuni biyu da ja ɗaya, ta ƙara ɗigon farar ƙasa.

Shi kuwa Tica Sumaila, kowace sabuwar shekara sai ya aika Salaga a kawo masa puna guda daga kayan gidan. Ya ajiye ta a tebur, ya jira sababbin ɗalibai su zauna, ya ce, "Doyar wa ce wannan?" Sannan ya dubi agogonsa. Wasu su ce tasa ce, wasu su ce ta kwaleji. Ba ya cewa uffan sai wani ya taso ya juya gindinta. Ajin da ya fi sauri minti huɗu ya yi, wanda ya fi nawa minti talatin da ɗaya. Bai taɓa yi wa masu nawa faɗa ba. Yakan ce musu shi shekara arba'in ya ɗauka.