Ranar da Dell Ya Ƙi Share Zangon Farko

Ƙarfe shida da kwata na safe, daga watan Afrilu har Satumba, wata tsohuwar a-kori-kura koriya takan tsaya a ƙofar baya ta filin besbol, wato ƙwallon sanda, na garinmu Tamarack Bend. Delbert Kowalik, wanda muke kira Dell, ya fito, kofi a hannu ɗaya, makullai a ɗayan. Ba ya fara taɓa manjagara. Sai ya zagaya filin a hankali, kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da zobe, ya tsaya nan, ya tsuguna can, ya murza jar ƙasa tsakanin yatsu. Sai kofin ya ƙare sannan ya jawo tiyon ruwa. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka, kuma ranar Asabar mai zuwa zai ajiye aiki.

Yawancinku bayansa kawai kuka sani, don shi ne tsohon da kan fito tsakiyar wasa ya gyara ƙasa yayin da kuke layin sayen tsiren alade. To bari in ba ku labarin abin da ya yi bara waccan, makon da garin nan kaf ya rikice.

A sansanin horo na bazarar waccan shekarar, ƙungiyarmu ba ta da mai tsaron zangon farko, wurin da mai bugu ke fara rugawa in ya bugi ƙwallo. Wanda ya riƙe wurin shekara biyar wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Aka ce akwai mutum uku. Na ɗaya Brantley Voss, ɗan shekara ashirin da biyu, ƙato, in ya maka wa ƙwallo sanda sai an je nemanta wajen ajiye motoci, amma in aka jefo masa ita sai ka rantse da faranti yake tara. Na biyu Kip Dorrance, bahago, hannunsa kamar danƙo wajen cafka, amma ko ƙofar gareji aka jefo masa ba zai buga ba. Na uku wani ne da aka ce yana tafe daga Texas, wanda har yau ba mu ga ƙeyarsa ba.

Ranar Litinin jarida ta ce Voss. Ranar Laraba ta ce Dorrance. A shagon aski an kusa ba hammata iska. Shi kansa koci, Burl Tackett, in ka tambaye shi sai ya ce, "Tambayi matata, ita ma tana da nata."

Akwai kuma mutumin da ba wanda ya sa a lissafi: Rigoberto Almánzar, Rigo, ɗan ƙasar Dominika, shekararsa talatin da uku. Shekara tara yana tsugune a bayan masu bugu yana cafke mana ƙwallo, har likita ya ce gwiwarsa ta hagu ta gama tsuguno. An riga an buga takardar sallamarsa, tana aljihun teburin Tackett, Juma'a za a miƙa masa. Kowa ya sani, ba mai iya kallon idonsa.

Safiyar Talata, Dell yana zagayensa, sai ya ci birki a zangon farko. Da yammar jiya shi da kansa ya share wurin sumul bayan horo. Yanzu ga sawun takalmi mai ƙusoshi birjik, sabo fil, raɓar ciyawar gefe ma a tattake. Wani ya shigo masa fili da asuba.

Ya ce mini ransa ne ya fara ɓaci. Da ya tsuguna kuma sai ya manta da fushin.

Aikin zangon farko a baki ba wuya: ƙafa ɗaya a jikin farin matashin nan da ke kafe a ƙasa, mai kama da matashin kai, ka miƙe ka cafke ƙwallon da abokanka suka jefo kafin mai gudu ya iso. Amma sabon shiga yakan ɗora ƙafa a kan matashin, mai gudu ya taka masa idon sawu. Ko ya yi garaje ya jefa ƙafa gaba tun bai ga inda ƙwallon ta nufa ba, sai ka ga sawunsa duk a rami ɗaya. Wannan sawun kuwa, dunduniya na manne da gefen matashin, ɗaya ƙafar ta bazu ko'ina, dama, hagu, gaba, kamar buɗaɗɗen mafici. Mai shi yana jira ya ga ƙwallo kafin ya motsa. Dell ya ce sau biyu kacal ya taɓa ganin irinsa a filin nan.

Ya share, bai gaya wa kowa ba. Laraba ya sammako da rabin awa, ya tarar an riga shi, an zo an tafi. Alhamis ma haka. Ranar ce ya kafa turaku huɗu, ya kewaye wurin da igiya, ya jingine manjagara, ya zauna a kan bokiti.

Akwai wasan sada zumunci ƙarfe ɗaya, mai ƙungiyar zai zo da baƙi. Ƙarfe goma Tackett ya fito ya ga igiya.

"Dell, mene ne wannan? Gawa aka tsinta?"

"Mai tsaron zangonka aka tsinta."

"Ina yake?"

"Ga shi nan a ƙasa."

Tackett ya dubi ƙasa, ya dubi Dell. "Tsoho, me ka zuba a kofin nan yau? Share mini fili!"

"Ba zan share ba sai ka karanta."

"Ni koci ne, ba maharbi ba. Ka san mai gida zai iya korar ka kan wannan?"

"Na sani. Tsuguna, Burl. Tumbinka ba zai fashe ba."

Ya tsuguna yana ƙunƙuni. Dell ya bi sawun da tsinke ɗaya bayan ɗaya. Tackett ya taɓa buga zangon farko a ƙuruciyarsa, don haka ba a yi minti biyar ba ƙunƙunin ya tsaya.

"Wane ne?"

"Takalmin dama ya rasa ƙusa ɗaya ta gefe. Je ka nema."

Zo ka ga rikici a ɗakin sauya kaya. Tackett ya sa maza ashirin da takwas suka kife takalmansu a kan benci, ba wanda ya san dalili. Wani ya ce sata aka yi. Wani ya ce gwajin ƙwaya ne sabon salo. Duk ƙusoshi cif. Sai mai wankin kaya ya tono wani tsohon takalmi daga gangar da ake zubar da kayan da suka mutu, lamba sha uku, ƙusa ɗaya babu, jar ƙasa ɗanya a jikinsa. A harshensa an rubuta VOSS da baƙin alƙalami.

Tackett ya rungume Voss. "Ɗan nan! Ashe ɓoye mini kake? Kullum da asuba?"

Voss ya yi tsuru. "Ni? Koci, ni fa agogo uku nake sawa, duk da haka sai matar da nake haya a gidanta ta buga ƙofa."

"To wa ya sa takalminka?"

"Na yar da shi tun makon jiya." Ya sosa ƙeya, ya ga kowa na kallonsa, ya ga kuma aiki na neman faɗo masa a cinya. "Sai dai... ko tafiya nake cikin barci?"

Aka kwashe da dariya, amma Tackett bai yi ba. Shi dai ya gaji, sunan mutum ɗaya yake nema, ga suna a rubuce. Ya ce shi ke nan, Voss ne, a sanar da jarida.

Dell na tsaye bakin ƙofa, hula a hannu, don shi bai saba shiga ɗakin nan ba.

"Takalminsa ne," ya ce. "Ba ƙafarsa ba ce."

"Dell, don Allah!"

"Ƙusar gaba ba ta nitsewa, takalmin ya yi wa mai shi yawa. Yatsunsa waje suke kallo, irin na wanda ya ƙare rayuwarsa a tsugune. Ƙafar dama ke duk aikin, ta hagu ba ta lanƙwasa ko sau ɗaya ba. Can tsakanin zango na biyu da na uku kuma akwai sawun mai jefo masa. Ɗan ƙaramin kambas ne, lamba shida. Ban san ɗan wasanka mai lamba shida ba."

Kawuna suka juya ɗaya bayan ɗaya zuwa lungun ƙarshe, inda Rigo ke cusa kaya a jaka. Bai ɗago ba.

"Wa ya aike ka, tsoho?" ya ce.

"Ba kowa."

"Shekara tara ina gaishe ka kowace safiya. Abin da za ka yi mini ke nan?"

Daga baya ne muka ji sauran. Matarsa Marisol ce ke jefo masa, ta yi wasa a ƙungiyar mata a garinsu. Ta wata ɓarakar shinge a bayan tamfol ɗin rufe fili suke shigowa. Takalmin Voss ya ɗauko don kada mai wanki ya ga ɗanyar ƙasa a nasa. Ya ce ba zai iya zuwa ya roƙi zangon farko ba, wurin da ake tura tsofaffi su huta, sannan ya kasa a gaban yaran da shi ya koya wa ɗaura takalmi. Ya so ya tabbata tukuna. Kullum sai ya ce gobe zai yi magana, ga shi gobe Juma'a.

Shi ma Dell tun Laraba ya gane sawun. Kwana guda yana juya abin a ransa: ya tona asirin mutum, ko ya share ya bar shi ya tafi da girmansa? Har yau in ka tambaye shi ko daidai ya yi, sai ya ce bai sani ba.

Tackett ya ɗauki bokitin ƙwallo talatin. "Fito, Almánzar. Da takalminka."

Dell ya cire igiya. Rigo ya zaro safar hannu ta fata, irin ta zangon farko, daga ƙasan jakarsa, ya manna dunduniya a gefen matashi. Tackett ya riƙa jifa irin na mugunta, wata a ƙasa, wata gefe, wata ta daki ƙasa taku ɗaya a gabansa ta taso. Rigo na ta cafkewa, fata na ƙara. Ashirin da bakwai suka shiga.

"Uku sun wuce ka," in ji Tackett, yana haki.

"Ukun nan, Koci, da Marisol ce ta jefa su haka, da ta ba ni haƙuri."

Tackett ya tofar da cingam. Ya dubi Voss, ya dubi Dorrance, ya dubi sama kamar mutumin Texas zai faɗo. "Yau kai za ka tsaya," ya ce wa Rigo. "Gobe kuma mu gani."

"To yanzu zan iya share filina?" in ji Dell. Saura minti arba'in wasa.

Takardar nan ba ta fito daga aljihun tebur ba. Rigo yana kakar wasa ta uku ke nan a zangon farko. Voss ya koma bugu zalla, hankalin kowa ya kwanta, har nasa. Jarida ta rubuta cewa idon Tackett ne ya gano abin, kuma Dell bai taɓa gyara musu ba.

To ni na gyara yau. Kai ne, Dell. Kai ne ka zauna a kan bokiti ka sa aikinka a bakin wuta saboda mutumin da bai roƙe ka ba, wanda ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarka. Kai ne mai karatun ƙasa, wanda ya ga abin da mu dubu uku da muke zaune a benci da takardun lissafinmu ba mu gani ba. Shekara talatin da huɗu ba mu taɓa tafa maka ba, don in fili ya yi kyau ba mai tunawa wani ne ya yi shi. Mun gode. Garin nan ya gode, gidan Almánzar ya gode.

Ku kuma da ke riƙe da aikin da ba a tafa masa, ku yi koyi da shi. In kun ga gaskiya a inda ba a tambaye ku ba, kuma gurasar wani na rataye da ita, ku buɗe baki ko da za a ce kun yi shisshigi.

Ku zo da wuri ranar Asabar. Ƙungiya ta ce Dell ne zai yi jifan buɗe wasa, abin da ya hana shi sukuni mako guda, don ya ce a rayuwarsa bai taɓa jefa ƙwallo ta kai inda ya nufa ba. Rigo ya ce shi zai cafka, kuma a zangon farko zai tsaya, ba a bayan mai bugu ba, ko al'ada ta yarda ko ba ta yarda ba. Jiya na ji su a bakin shinge.

"In ta faɗi ƙasa fa, a gaban mutane?" in ji Dell.

"Jefa ta ƙasan, tsoho," in ji Rigo. "Kai ka gyara ta. Na san yadda za ta taso."