Daren da tsamiya ta kwana a salanga

Ban taɓa jin kakata ta kira sunan mahaifiyata ba. Inna ce 'yar farinta, kuma a Tajaye, inda suka fito, mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, balle ta zauna hira da shi. In za ta ambaci Inna sai ta ce "waccan". In Inna ta gaishe ta, sai ta amsa tana duban bango. Mu yara muna ɗaukar abin faɗa, alhali kunya ce.

Shekarar da aka haifi autanmu muna zaune a Malbaza. Baba direba ne a wani buro, wato ofis, aka ba shi gidan siminti da wani Bature ya taɓa zama a ciki. Gidan na da famfo, da taga mai gilashi, da kuma abin da ya zame wa Inna ƙarfen ƙafa: salangar zama, farin kasko na tangaran a wani ɗan ɗaki jikin falo. Fari dai a suna. Daga inda ruwa yake tsayawa zuwa ƙasa wani abu ya manne masa, ruwan ƙasa-ƙasa, mai kaushi kamar ƙanzo a gindin tukunya. Duk wanda ya leƙa abu ɗaya zai zo masa a rai, ba sai na faɗa ba.

Inna kuwa ko tsinke ba ya kwana a tsakar gidanta. Yadda take wa tukwanenta haka ta tunkari kaskon, da toka da yashi da soso. Ta sa omo, ta sa jabel mai cire tabo, ta jiƙa kanwa ta zuba. Da ta gaji ta ɗauko wuƙa, ta durƙusa da tsohon cikinta tana kankara har ta yi wa tangaran zane. Abin nan ko gezau.

Wata rana matar sakataren buro, Madam Ramatu, ta shigo gaisuwa ta nemi kewayawa. Washegari a wurin niƙa ta ce wa mata, wasu ko an ba su gidan Nasara ƙauye na nan cikin jininsu, mace sai an shiga bayinta ake saninta. Kafin la'asar maganar ta iso kunnen Inna. Daga ranar ta sa wa ɗan ɗakin kwaɗo, ta daina jan baƙi da hira. To ga shi yanzu ta haihu, suna na tafe, mata za su cika gida su wuni suna shan kunu, kuma mai shan kunu dole ya kewaya. Ta ce wa Baba a kai sunan Tajaye. Ya ce ba ya ɗora ɗanyen jego a motar kasuwa. Ta ce to ranar ita ba za ta fito daga ɗaki ba, su ci sunansu.

Ana cikin haka Kaka ta sauka don wankan jego, da ƙullin kanwa da na tsamiya na kunu. Da aka nuna mata salangar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kashi cikin ɗakin da aka cin tuwo? Allah shi kyauta." Har ta bar gidan nan butarta take ɗauka ta nufi bayan gari.

Safe da yamma tana hura wuta ƙarƙashin rabin duro don ruwan wankan Inna. In an gama na yamma garwashin yakan kai bayan isha'i, nan muke kewaye ta ni da ƙanena Sani, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin Inna. Ina son waɗannan dararen ƙwarai. Ƙamshin ganyen dogon yaro da aka dafa yana nan bai gama tashi ba, Kaka ta miƙe ƙafafu, tana tura gyaɗa cikin toka da ɗan kara, wanda ya yi gyangyaɗi a cinye rabonsa.

Wata rana da yamma, Kaka ta hangi Inna ta lallaɓa ɗan ɗakin da wuƙa a hannu, mace mai kwana kaɗan da haihuwa, ta fito idonta jawur. Kaka ta ja ni gefe.

"Mi waccan ka yi cikin ɗakin kashi?"

Na zayyana mata komai, har maganar wurin niƙa. Sai ta nufi ɗan ɗakin. Ta shiga, ta sa tsinke ta ƙwaƙuli abin, ta murza ɗan ɓarɓashin a yatsunta, ta fito ta wanke hannu.

Da muka zauna gaban garwashi da dare, Kaka ta ce, "Ga ta nan tafe, ko takalmi babu."

Muka ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wata mata ce, in ji Kaka, da tulunta na gado. Kullum sai ta wanke shi kafin ta ɗebo ruwa. Rannan ta leƙa sai ta ga dutse ya tsiro a ciki, ya yi zamansa kamar gidan ubansa. Matan gari suka sa ta a baki, suka daina shan ruwan gidanta.

Nan Kaka ta ɗaga murya, har Sani ya zabura.

"Ku ji da kyau, ba ƙazantar mai tulu ba ce. Ruwan rijiyar garin ne, ta cikin hwarin dutse shika biyowa, shi ɗauko ɗiyan dutse shi aje inda yak kwana. Matar nan ba ta da laihi ko na ƙwayar hatsi."

Ta sassauta murya ta ci gaba. Matar ta nemi taimako. Toka ta zo tana cika baki, wai ita ke wanke tukunyar biki. Ta goga, ta goga, ta zama laka. Yashi ya zo, ya ƙare a wurin. Kanwa ta zo tana taƙama, ita da take sa wake ya yi laushi, wane dutse? Dutse ya dube ta ya ce, "Haba Kanwa, ni da ke uwarmu ɗaya, ƙasa. Zauna mu yi zumunci." Wuƙa ta zo a fusace, ta bar dutse ta ji wa tulu ciwo.

Duk wannan Tsamiya na rataye a rufin ɗaki, tsohuwa ramammiya, ba mai gayyatar ta sha'ani don duk wanda ya gaisa da ita sai ya yamutse fuska. Kaka ta shaƙe murya ta yi maganarta: "Ni ba ni da ƙarhi. Ku kwashe ruwan tulun, ku jiƙa ni da kauri, ku shimhiɗa ni bisa dutsen, ku ja ƙyaure. Kwana kaɗai zan yi." Aka yi haka. Tsamiya ta kwana tana gaya wa dutse magana mai tsami a kunne. Da safe aka taɓa shi sai ya ruguje kamar ƙuli-ƙulin da ya sha ruwa.

Sani ya ce, "Kaka, me ta gaya mishi?"

"Ragon miji, abin da tsohuwa tag gaya ma dutse ba na yara ba ne. Ƙurunƙus, kusu ya gudu da sauran."

Sai muka ji muryar Inna ta taga, a hankali.

"Hadiza, tambayi kakarki, tsamiyar da ruwan zafi ake jiƙa ta ko na sanyi?"

Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Kaka ta dubi garwashi ta ce, "Ki ce ma waccan da na ɗumi. In akwai lemun tsami a matsa. Kuma ta aje wuƙar nan."

Ni dai ban maimaita komai ba, babu ma wanda ya jira in maimaita.

Tsamiyar kunun jego ce ta tafi a aikin. Muka kwashe ruwan kaskon da gwangwani, muka lafta masa ita har ta rufe tabon, aka ja ƙofa. Baba ya sha mita, don sai da ya koma kewayawa a masallaci. Da safe kaskon ya fi jiya muni, baƙi-ƙirin da tsamiya. Amma da aka sa buroshi sai abin ya fara ɓantarewa. Bai fita a dare ɗaya ba kamar na tatsuniya, sai da aka maimaita har ana gobe suna. Zanen wuƙar ne kawai ya ƙi fita.

Ranar suna Inna ta cire kwaɗon, ta ci ado, ta zauna cikin mata. Madam Ramatu ta shiga ɗan ɗakin ta fito, ta koma wurin zamanta. Bayan 'yan kwanaki ta aiko a tambayi Inna me ta sa. A nan muka gane duk gidajen layin haka suke, kowace mace na ɓoye nata.

Na girma ina ɗauka darasin tatsuniyar nan haƙuri ne, cewa akwai abin da ƙarfi ba ya yi sai a bar shi ya kwana. Haka nake gaya wa 'ya'yana, kuma ban ce ƙarya ba ne. Da na yi aure a Ƙonni irin wannan dutsen ya fito a tawa salangar. Inna ta zo mini kwana biyu, lokacin Kaka ta rasu da daɗewa, ta tarar ina jiƙa tsamiya. Na tuna mata daren ina dariya, na ce Kaka ta iya dabara.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ke tsamiya kika ji. Tun da ta haife ni ba ta taɓa ce mini sannu ba, ko ina ciwo. Ranar nan ta ɗaga murya ta ce ba ƙazantar mai tulu ba ce. Wallahi ko dutsen bai fita ba, da na fito ranar suna."

Ni ce na fi kowa kusa da Kaka a daren, gwiwata na taɓa tata, kuma duk shekarun nan ina zaton mu take wa tatsuniya.