Fatihar da Ta Riga Baba Mati Miƙewa

Malam Hashimu ba limami ba ne, ba kuma na'ibi ba. Manomi ne mai gonar gero da wake, a wani ƙauye arewa da Kano inda gona ke jingine da gona. Sai dai Allah ya ba shi murya mai sanyi da addu'a gajeriya, wadda ba ta sa ƙafar mutum ta yi tsami. Shekara talatin ke nan duk taron da aka yi a garin, suna ne ko rabon gado ko sasanta iyakar gona, shi ake juyowa a ce ya rufe. A garin nan kuwa in an shafa Fatiha a kan magana ta mutu, ko wanda aka ƙwara haɗiyewa yake yi.

Aibinsa ɗaya, tsoro. Yana tsoron ofis, yana tsoron takarda mai hatimi, yana tsoron duk wanda ya sa tabarau ya dube shi ta samansa. Matarsa Asama'u takan ce ko masu rigakafi ne suka yi sallama, nan take Malam zai tuna yana da noma.

Ana tsakiyar damina Kansila Abdulbasit ya aiko da babur a kai shi sakatariyar ƙaramar hukuma. Za a ji ra'ayin jama'a kan ƙarin alawus ɗin ciyaman da kansiloli, ana so ya yi addu'a in an gama.

Mutanen garinsu sun riga shi zuwa. Basiru, shugaban ƙungiyar manoma, ya ciko mota biyu. Sun shirya za su ce ba su yarda ba, tunda takin da aka yi musu alkawari bai zo ba, kwalbatin hanyar kasuwa kuma tun bara take a karye. Amma ba a riga babba magana, don haka suka tsayar cewa Baba Mati, wanda ya fi kowa shekaru, shi zai fara.

Aka zaunar da Hashimu a babban tebur, ɗan sanda a bayansa, lasifika a gabansa. Sakatare ya karanta takarda mai tsawo, rabi Turanci rabi Hausa, ya zauna. Ɗakin ya yi tsit. Baba Mati ne ke laluben sandarsa a ƙarƙashin benci, kowa yana jiransa, amma Hashimu bai hango shi ba. Shiru kawai ya ji, ga ciyaman ya juyo yana dubansa ta saman tabarau. A garinsu in an yi dogon bayani aka yi shiru, babba ya dube ka, abu ɗaya ake nufi. Sai ya ɗaga hannuwa.

"Fatiha," ya ce, lasifika ta kai muryar har waje.

Hannuwan ɗakin duka suka tashi da kansu, har na Basiru. Baba Mati, da ya kai rabin miƙewa, a haka ya shafa.

"Alhamdulillahi," in ji ciyaman. "Tunda babu mai ƙorafi, jama'a sun amince."

Daga baya Hashimu ya ji cewa agogon bango ciyaman yake dubawa.

A ƙafa ya koma gida, ta cikin gonaki. Kwana uku bai zauna a majalisar ƙofar masallaci ba, sahun ƙarshe yake tsayawa, ana sallamewa ya fice. Duk inda ya ga mutum biyu sun haɗa kai sai ya sauya hanya. Rana ta huɗu, da hantsi, a idon kowa, kansila ya aiko da buhun taki biyu a amalanke, a shekarar da ko mudu babu wanda ya samu. Hashimu ya roƙi mai amalanke ya mayar, har da haɗa shi da Allah, mutumin ya dire su a ƙofar gida ya tafi.

"Malam, je ka faɗa musu gaskiya," in ji Asama'u. "Kowa ya san ka da tsoro, ba wanda ya san ka da ci."

Ya sami Basiru a gona yana maimai. Hashimu ya ce, "Wallahi ko sisi ban karɓa ba. Tsoro ne."

Basiru ya dogara da fartanya. "Na yarda, Malam. To a warware mana."

"Ba a warware Fatiha, Basiru."

"Na sani," in ji shi, ya sunkuya ya ci gaba da nomansa.

Da kaka aka taru gindin tsamiya kan iyakar gonar wasu 'yan'uwa biyu. Aka ja, aka ja, aka daidaita, wuri ya yi shiru. Hashimu ya cusa hannuwansa ƙarƙashin cinya ya danne.

Baba Mati ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya. "Mai sauran magana ya yi sauri, tun Malam bai ji shirun ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi yaƙe. Ya fara zaro hannuwansa a hankali, ya gyara murya. Baba Mati ya tsallake shi da ido.

"Basiru, yi mana addu'a."