Ta'aziyyar da Habu ya aiko ta imel

"Karanta mini yadda ya rubuta," in ji Inna, tana gyara zama a kan tabarma.

Muna zaman makokin Baba a gidanmu na Matameye, sai saƙon Habu ya shigo imel ɗina. Habu ɗan ƙanen Baba ne. Daga Kurni aka kawo shi yana ƙarami, a gidanmu ya yi karatu har ya samu aikin ofis a Yamai. Tun safe Inna take tambaya ko ya kira.

Na buɗe. Abin da ya rubuta ke nan, kaf: "Slt frr, dsl pr Baba. A+", sai ɗan hoton hannuwa biyu a haɗe.

Ba sallama, ba "Allah ya jiƙansa", ba sunan Inna. Na fassara mata: ya ce sannu, bai ji daɗi ba, sai an jima.

"Sauran fa?"

"Shi ke nan, Inna. Rage kalmomin ya yi, haka suke rubutu yanzu."

Ta ja carbinta, can ta ce, "Da yake cin tuwo a gidan nan, Malam bai taɓa rage masa malmala ba."

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Ni ma nakan yanke kalmomi in ina rubuta wa abokai, amma mutuwar wanda ya riƙe ka ai ba hirar majalisa ba ce. Ban amsa masa ba tukuna.

Jama'a, da ku ne, me za ku rubuta masa?