Mai Gyara na Wancan Lokacin

A saman maɗaba'ar akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, matakala goma sha huɗu ke kaiwa gare shi. Nan Baba Gyara ya zauna shekara talatin da shida. Ba sunansa na yanka ba ne, aikin ne ya bi shi har ya cinye sunan. Duk takardar da za ta shiga inji, katin aure ne, ko littafin makaranta, ko sanarwar ta'aziyya, sai ta hau matakalar nan ya duba ta, ya sa hannu a kusurwa da jan biro. Yawancin aikin da Turanci yake zuwa. Shi kuwa Turancinsa na littafi ne, irin wanda ake yi wa guga kafin a fita da shi.

Yana da tasa hanyar karatu. Ba ya farawa daga sama. Yakan ɗora rular ƙarfe a layin ƙarshe, ya kama kalmar ƙarshe, ya dube ta ita da maƙwabciyarta, sannan ya ja da baya. Haka zai yi ta hawa har ya iso kan take. In an tambaye shi dalili sai ya ce labari maƙaryaci ne: ido in ya bi labari, abin da ya kamata a rubuta yake gani, ba abin da aka rubuta ba. Saboda haka yakan gama shafi tsaf bai san abin da shafin ya ce ba.

Amma kalmomi ba sa yarda a bar su a birkice. Sai ya tashi aiki da la'asar, ya kama hanyar gida da ƙafa, wajen shagon mai gyaran keke su fara juyowa cikin kansa, suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya, har ya ji abin da ya karanta da safe. Haka ya ji rasuwar wani abokin karatunsa. Da hantsi ya gyara waƙafi biyu a sanarwar, ya sa hannu. Da yamma ya tsaya cak a bakin titi, har mai keke ya taso ya riƙe masa hannu. Kowa a maɗaba'ar ya san wannan labari.

Abu ɗaya ne ke sa shi ɗaga murya. Masu Turanci na da wata ɗabi'a a maganarsu ta yau da kullum: su ɗauko kalmar da aikinta faɗin lokaci ko wuri, su liƙa wa mutum. The then manager, wato manajan wancan lokacin. The upstairs man, wato mutumin sama. Duk inda ya gan ta sai ya soke.

Mai injin, sa'ansa ne, ana ce masa Baƙin Hannu saboda tawada, ya mai da wannan abin tsokana. In ya hango shi yana saukowa sai ya daka tsawa a kan ƙarar inji:

"A ba da hanya, ga the upstairs man!"

"Wanke hannunka kafin ka taɓa Turanci," in ji Baba Gyara. "Bayanau ba ya hawa kan suna. Ka taɓa ganin akuya a kan doki?"

"Ai masu yaren ne ke faɗi, tsoho."

"Masu gida ma suna zubar da shara a tsakar gida. Ba sai baƙo ya taya su ba."

Wannan shi ne dalilin da yake faɗi. Akwai wani da sau ɗaya kawai ya faɗa, shi ma ga matarsa. Ya ce in aka kira mutum former, tsohon kaza, to ya sauko ne da ƙafarsa, yana nan tare da mutane. Amma in aka liƙa masa then, an bar shi ne can a wancan lokacin, an ja ƙofa. Ya ce bai taɓa ganin kalmar a jikin wanda zai sake zuwa karɓar aikinsa ba.

Maigidan da ya kafa maɗaba'ar ya rasu shekara uku da suka wuce, 'yarsa ta karɓi ragamar. Tana ƙarama a kan matakalar nan take zama tana cin gyaɗa. Yanzu ofishinta na ƙasa, kuma ba ta cika hawa ba. Wata Laraba sai ga ta da kanta a bakin ƙofa, da shafi ɗaya a hannu.

"Baba, na littafin cikar maɗaba'a shekara arba'in ne. Ni na rubuta."

"Ajiye nan, 'yata."

Ta ajiye, amma ba ta tafi ba. Ta dubi taga, ta dubi tabarau ɗinsa da aka ɗaure da zare.

"Baba, har yanzu daga ƙasa kake karatu?"

"Sai ran da ƙasa ta koma sama."

Ta ce to. Ya ji saukarta a hankali, tana tsayawa a kowace matakala.

Ya ɗora rula. A layi na shida daga ƙasa ya tarar da abokiyar gabarsa zaune kusa da wata kalma. Ya yi tsaki, ya soke then, ya rubuta former a gefe, ya ci gaba da hawa har take, ya sa hannu.

Da la'asar, daidai shagon mai keke, kalmomin suka juyo. Muna godiya ga mai gyaranmu na wancan lokacin, wanda ya yi mana aiki shekara talatin da shida, har zuwa ƙarshen watan kaza. Watan da aka ambata bai ma kama ba. Saura kwana goma sha ɗaya.

Ya tsaya. Mai keke na durƙushe yana neman huji a cikin ruwa, bai ɗago ba. Matar da ke sayar da sabulu, wadda kullum ke ce masa sannu da dawowa, ta dubi wajensa, idonta ya wuce ta kan kafaɗarsa zuwa wani abu a baya. Ya juya ga gilashin kantin magani. Ya ga titi a ciki, ya ga motoci, a inda ya kamata ya ga kansa kuwa sai wani dishi-dishi mai hula. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai sake duba ba.

A gida matarsa na tsintar shinkafa a faranti. Da ta ɗago sai ta zabura.

"Malam! Ka shigo ba sallama kamar kyanwa?"

"Na yi sallama. Sau biyu."

"To ban ji ba."

Ya zauna a kujerarsa, ya gaya mata abin da shafin ya ce, kalma-kalma, daga sama wannan karon. Ba ta yi salati ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ci gaba da tsinta.

"Ni da nake goge ruwa a gefen kofinka tun bara, da idonka ya fara kuskuren bakinsa," ta ce, "ka ji na ce wani abu?"

"Kofin ne ƙarami."

"Haka ne. Allura ma ƙarama ce, ƙofar ɗaki ma ta ƙanƙance."

Washegari bai hau sama kai tsaye ba. Ya tsaya gaban inji har Baƙin Hannu ya kashe injin.

"Abin da na sa wa hannu, haka yake shiga inji?"

Baƙin Hannu ya ɗauki tsumma yana goge yatsun da ba sa goguwa.

"Wani lokaci nakan ɗan leƙa, in gyara abin da ya wuce ka."

"Tun yaushe?"

"Haba, tsoho."

"Na ce tun yaushe?"

"Wata takwas. Yarinyar nan ta sani. Ta ce kada wanda ya gaya maka."

Ya karɓi shafin jiya, ya hau. Ya ture rula gefe, ya kai takardar dab da hancinsa a bakin taga, ya fara daga take, kamar kowa. Sai ya ga muryar yarinyar ce a ciki, har da labarin gyaɗa a kan matakala. Ya kuma ga kuskure uku, manya, waɗanda rularsa ta bi ta kansu jiya. A ƙasansu ga sa hannunsa, ja wur.

Ya gyara ukun. Sannan ya koma layi na shida daga ƙasa, ya soke former, ya jera ɗige-ɗige a ƙarƙashin then. A wurin masu gyara, wannan na nufin a bar ta yadda take.

Ya kai mata da kansa. Da ta ga ɗigon sai idonta ya ciko.

"Baba, bakina ne ya ƙi buɗewa."

"Kin yi daidai. Kin san hanyar da magana ke biyowa ta same ni."

"Amma ai kai ka ce wannan ba Turanci ba ne."

"Na faɗa. A jikina dai ta zauna."

Bai jira watan ya kama ba. Ya sa jan biro a aljihu, ya yi wa Baƙin Hannu sallama. Rular ya bar ta a kan tebur. Ko mantawa ya yi, ba a tambaye shi ba.

Yana nan da ransa. Da hantsi yakan zauna a ƙofar ɗaki, matarsa na karanta masa jarida daga sama. Ɗakin nan na sama an mai da shi ma'ajiyar takardu, an sa kwaɗo. Baƙin Hannu ya ce in ya kashe inji da azahar, wuri ya yi tsit, yakan ji ƙarfe na jan jiki a kan takarda, kaɗan-kaɗan, yana tsayawa, yana ci gaba. 'Yar maigida ta ce ɓeraye ne, amma ba ta sa a hau a duba ba.

Matarsa ba ta san da wannan zance ba. Abin da ta sani shi ne, daidai azahar, ko tana tsakiyar labari, Malam yakan daina jin ta. Hannunsa na hagu ya kwanta a kan gwiwa, ya riƙa matsawa sama, layi-layi. In ta kira shi, sai ta kira sau biyu.