Kyamara Ɗaya da Cekura Fane Ya Kashe

Kullum da hantsi, wanda ya bi layin teloli da ke gangarawa bakin kogi a Segu zai tarar Cekura Fane ya riga ya buɗe shago. Shagon dai suna ne kawai, don in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya iya juyawa. Zai share teburi da tafin hannu, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera sukurudirebobinsa daga ƙarami zuwa babba, sannan ya ɗora shayi. Shekara arba'in da huɗu ke nan yana gyaran kyamara a wannan lungu. A da, kafin shayin ya tafasa masu hoto biyar sun tsaya masa a ka. Yanzu sai ya sha na farko da na biyu da na uku shi da maƙwabcinsa Lasina Dembele tela, ba wanda ya leƙo. Wayar hannu ta cinye sana'ar, idonsa kuma ya bi sahu. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana haɗa kaya. Ƙarshen watan nan zai rufe, abin kuwa yana ci mini rai.

Tsofaffin masu hoton kasuwar Litinin duk suna da labarinsa. Akwai wanda kyamararsa ta faɗa kogi ranar tseren jirage. Cekura ya kwance ta ƙusa-ƙusa, ya shanya kwana tara, ya mayar, ta sake shekara goma tana aiki. In haƙorin wani ƙarfe ya karye babu irinsa a Bamako, sai ya samo tagulla ya goga sabo da hannu, don jinin maƙera ne. Abin da yake taƙama da shi guda ne, ya kuma faɗa har mun gaji da ji: bai taɓa kashe kyamara ba. Sauran masu gyara sukan farke wata su ciri kayan gyaran wata. Shi kuwa ko an kawo masa gawa, sai ta tashi ko ta koma gida yadda ta zo. Shi ya sa ake masa kirari da Fane ba-ka-kisa.

Ran nan wata tsohuwa ta tsaya a ƙofarsa da ƙunshi a hannu. Penda Sangare ce, matar marigayi Bubu Sidibe mai hoto, wanda ya rasu bara. Ita Bafulatana, shi maƙeri, abokan wasa ke nan tun kaka da kakanni.

"Kai maƙeri, ba ka ga uwargijiyarka ba ne? Tashi ka ba ni kujera."

"Na ji ƙarnin nono tun daga bakin titi," in ji Cekura. "Shigo, 'yar Fulani. Saniya ce ta ɓata, ko wayon ne ya ƙare?"

Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba, ta kwance ƙunshin. Baƙar kyamara ce ta fim, fatar jikinta ta goge a gurbin da babban yatsan Bubu yake zama. Cekura ya shafa ya gane ta. Ya taɓa hannun da ake ja a sauya hoto, ya ji ya kafe.

"Kada ka buɗe!" in ji Penda da sauri. "Kumba tana ciki."

Nan ta kwashe labarin ta gaya masa. Bubu ya ɗauki rabin garin nan hoto, amma na gida kullum sai gobe, wai fim na masu biya ne. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, ranar Babbar Sallah, 'yarsu Kumba mai shekara tara ta matsa masa da kuka, ya ɗauke ta da ragowar fim na ƙarshe. Yana ɗauka kyamarar ta cije. Ya ce bayan Sallah zai kai wa Fane. Kwana huɗu tsakani sanƙarau ya ɗauki yarinyar. Bubu ya naɗe kyamarar ya sa a ƙasan akwati, ya hana kowa taɓawa, ya bar hoto ya koma fataucin shanu. Tsoro yake ji a buɗe a tarar babu komai.

"Fane," in ji ta, wasa ya fita daga muryarta, "na fara manta fuskarta. In na rufe ido rigar Sallar nake gani, fuskar ba ta zuwa. Ka ciro mini ita. Kyamarar kuma ka gyara, ita ce kaɗai abin hannun Bubu da ya rage mini."

Cekura yana da wata baƙar jaka mai hannuwa biyu kamar riga. A cikinta ake buɗe kyamara mai fim, don haske ko ƙanƙani ya taɓa fim ya ƙone. Ya sa kyamarar ciki, ya zura hannuwansa, ya buɗe ta ya lalluba da yatsu. Da ya zaro su sai ya ce ta dawo Alhamis.

Tana fita ya gaya wa Lasina abin da yatsunsa suka gani. Fim ɗin ya yage a gefe ya naɗe jikin sandar da ke jansa, daidai kan hoton ƙarshe. In ya fizge, kyamara za ta saki ta warke sarai, amma hoton Kumba zai yi kaca-kaca. In kuwa yana son fim ya fito lafiya, sai ya datse sandar da zarto. Babu irinta a kasuwa, idon da zai goga sabuwa kuma ya tafi.

Lasina ya ajiye almakashi. "Yaya, fim ya shekara ashirin da biyu a zafin Segu, me ya rage a jikinsa? Fizge kawai. Ka miƙa mata kyamarar mijinta tana aiki, ka ce fim ya mutu tun tuni. Wa ya ga abin da ya faru a cikin jaka? Saura sati uku ka tashi, kada ka ɓata sunanka a kan hayaƙi."

Ba mugunta ce ta sa Lasina faɗin haka ba, maganarsa kuma tana da kama. Cekura ya wuni biyu yana juya ta. Ya kasa cin abincin rana, shayi ya huce a gabansa. Ya san zai iya kashe kyamarar ya tarar fim fari fat, ya yi biyu babu. Ya kuma san tsakanin maƙeri da Bafulatani zagi ya halatta, amma ba a yi wa juna ƙarya. Ran Alhamis da Penda ta zo, ya zayyana mata komai, bai rage ko ɗaya ba.

Ta ɗora yatsanta a gurbin yatsan Bubu, sannan ta tambaye shi.

"In kai ne fa?"

"Ni ban taɓa kashe kyamara ba," in ji shi. "Amma ƙarfe ce, Penda. Mu muka san ƙarfe, ba ya kewar kowa."

"To yanka, bawana. In ka ɓata mini 'ya, sai na sayar da kai a kasuwar Litinin."

"Wa zai sayi makahon maƙeri?"

Lasina ya shaida mini abin da ya biyo baya. Ya ce Cekura ya sa guntun zarto da bai fi ɗan yatsa ba a cikin jakar, ya rufe ido, ya shiga goga a hankali, yana kare fim da farcensa. Daga azahar har la'asar ba abin da ake ji sai ƙiris-ƙiris. Gumi ya jiƙa masa riga. Wannan aiki ne da ba ya bukatar ido, hannuwan kuwa ba su manta komai ba. Da sandar ta ɓalle sai ya ce, "Innalillahi," ƙasa-ƙasa, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Washegari da safe ya toshe ƙofar shagon da bargo, ya wanke fim ɗin da sauran maganin da ya ɓoye, yana ƙirga lokaci da baki. Lasina ya hau babur ya kai wani ɗakin hoto kusa da tasha aka buga.

Hoto talatin da shida ne a jikin fim ɗin. Zafi ya cinye talatin. Biyar na wasu baƙi ne da ba wanda ya san su. Na ƙarshe ya fito dishi-dishi, gefe guda ya ƙone baƙi ƙirin, sai rabin fuskar wata yarinya da ta karkata kai tana dariya.

Penda ta karɓa da hannu biyu. Ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a bakin ƙofa, ta ce, "Ashe tana da wushirya. Fane, na manta 'yata tana da wushirya."

Cekura ya karɓi takardar ya kai ta dab da idonsa na dama, ya juya ta wajen haske. Bai ga komai ba sai hazo.

"Kyakkyawa ce?" ya tambaya.

"Ina ruwan maƙeri da kyau?" in ji ta, hawaye na zuba. Ta kama ɗan yatsansa ta ɗora a kan takardar. "Ga idon nan. Ga bakin. Ga ta nan."

Ya tattara guntayen kyamarar, ya naɗe mata su a farin ƙyallen teburinsa. Ta ce ƙyallen fa, ya ce ta tafi da shi, ya gama da shi.

Baba Cekura, Lasina ya ce tun ranar ba ka sake ambaton taƙamarka ba, in an yi maka kirarin ma sai ka kau da kai. To bari mu faɗa maka. Kai ne ka zura hannu inda ba mai gani sai Allah, ga ƙarya mai sauƙi a kusa, ka bar ta. Kai ne ka ɗauki sunan da ka shekara arba'in da huɗu kana ginawa, ka ba da shi saboda rabin fuskar yarinyar da ba za ka taɓa gani ba. Mun gode, maƙerin Fulani. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka duhun da ke tafe.

Ku kuma masu gyara, na waya ne ko na mota ko na jikin mutum, kowannenku yana da irin wannan jaka da mai kaya ba ya ganin cikinta. In kun zura hannu, ku tuna da dattijon nan.

Ran Asabar ta ƙarshen wata zai miƙa makulli. Wanda hanya ta biyo da shi layin teloli kafin nan, ya tsaya ya gaishe shi. Ku kira sunansa da ƙarfi, don in hannu kuka ɗaga masa ba zai gani ba.